Yadda Za a Tsara Kalma Mai Ma'anoni Da Yawa a Kundin Ilimi

A wata tattaunawa da masu rubuta kundin ilimi suka yi kan yadda za a tsara kalma mai ma'anoni da yawa, shawarar da ta fi samun karɓuwa ita ce kada a cusa ma'anoni daban-daban cikin maƙala ɗaya, domin kundin ilimi yana bayanin abubuwa ne, aikin tattara ma'anonin kalma kuwa na ƙamus ne. Kalmar "fari" ta isa misali: tana nufin launi, tana nufin ƙarancin ruwan sama, kuma jam'in fara ce, wato ƙwaron nan mai cin amfanin gona. A baki karin sauti da tsawon wasali ne ke rarrabe su, amma rubutun yau da kullum ba ya nuna hakan, saboda haka kowace ma'ana tana buƙatar maƙalarta, sannan a yi jeri ɗaya da zai nusar da mai karatu, kowane layi da gajeren bayani.

Inda aka fi jan magana shi ne wace ma'ana ce za ta riƙe sunan ita kaɗai. Wasu sun ce a ba wadda aka fi nema, wasu kuma suka yi gargaɗin cewa farin jini kan gushe. A ganina, idan babu wadda ta yi rinjaye ƙarara, kamar Kongo da ke nufin kogi da ƙasashe biyu, gara jerin ya riƙe sunan.

An kuma nemi a rarraba jeri mai tsawo bisa fannoni, a cire duk abin da ba a kiransa da wannan suna kai tsaye.