Kwalliyar shafin shiga: kamfanoni da yawa a kan Keycloak ɗaya

Mai tambaya: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina kula da Keycloak (manhajar da ke tantance masu shiga asusu) guda ɗaya da kamfanoni uku suke shiga ta kansa, kowanne da realm ɗinsa, wato keɓaɓɓen sashensa na masu amfani da saituna. Yanzu ɗaya daga cikinsu yana da manhaja biyu, kuma yana son kowacce ta fito da tambarinta da launinta a shafin shiga. Wanda ya taɓa shiga wannan hali ya taimaka ya faɗa mana yadda ya ƙare.

Mai kula da sabar wata makaranta: Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa, ba sai ka buɗe sabon realm ba. Ana zaɓar kwalliya a saitin realm, amma kowane client, wato manhajar da aka yi wa rajista a realm ɗin, yana da nasa gurbin zaɓar kwalliyar shafin shiga, kuma nasa ne ke rinjaye. Ni kuskurena gaggawa ce. Na kwashe fayilolin .ftl, waɗanda ke tsara shafukan, kaf na zuba a foldata, na yi ta gyara son raina. Sai da muka sabunta Keycloak sannan na gane kurena: an canza abubuwa a fayilolin asali, nawa suna nan jiya i yau. Ranar da safe shafin ya buɗe, tambari ya fito tas, amma shafin lambar tabbatarwa ya watse, malamai suna ta kira. Tun daga nan na koma rubuta parent=keycloak a theme.properties (fayil ɗin saitin kwalliya) don ta gaji ta asali, in ƙara CSS ɗina (fayil ɗin launi da salo) da hoto, shi ke nan. Fayil ɗin da ban taɓa ba, gadonsa nake ci.

Wata mai gina manhaja: Gaskiyarka Malam. Ni da kamfanonin da ke haya a sabarmu suka haura goma, folda goma ta fi ƙarfina. Kwalliya ɗaya na bari, tana duba realm.name da client.clientId, wato sunan realm da shaidar client, ta ɗauko tambarin da ya dace. Amma ga abin da ba a faɗa maka da wuri: kwalliyar imel ta realm ce gaba ɗaya, ba a zaɓa wa client tasa. Mutum zai ga shafi mai launin kore, ya nemi canjin kalmar sirri, saƙo ya iso masa da suna da tambarin da bai sani ba. Wata ma'aikaciya ta turo min hoton saƙon tana tambaya ko 'yan damfara ne. Wallahi ban ga laifinta ba, mu muka koya musu kada su amince da abin da bai yi kama da wanda suka saba ba.

Sabon shiga: Ni awa biyu na ɓata ina canza launi ba ya canzawa. Ashe sabar tana riƙe da tsohuwar kwalliya a ma'ajiyar wucin gadi. Da na tayar da ita da umarnin start-dev, nan take gyara ya bayyana.

Mai kula da sabar wata makaranta: Wannan na gwaji ne kawai, ƙanina, kada ka kai shi sabar da jama'a ke amfani da ita. Can ka naɗe kwalliyar a fayil ɗin JAR (ƙunshin fayilolin Java), ka ajiye a foldar providers.

Wata mai gina manhaja: Yaya mai tambaya, ka sanar da kamfanin nan abu ɗaya tun kafin ka fara. Manhajojin biyu a realm ɗaya suke, don haka wanda ya shiga ta farko, idan ya buɗe ta biyu wucewa zai yi kai tsaye, ba zai ga shafin da aka sha wahalar ƙawatawa ba. Namu manajan ya ɗauka aikin ne bai yi ba, sai da na fita daga asusunsa a gabansa na sake buɗewa.

Mai tambaya: Allah ya saka muku da alheri. Zan fara da CSS da gurbin client ɗin. Maganar imel ɗin ce ban taɓa kawowa a raina ba, gobe da ita zan fara zama da su.