Ina da ciki wata biyu, surukata ta ce in daina allurar suga

Assalamu alaikum 'yan uwa. Admin, don Allah a ɓoye sunana. Ni 'yar Argungu ce, ina aure a Jega, shekarata 24. Tun ina aji biyu a sakandare aka gano ina da ciwon suga nau'i na ɗaya, wanda jiki ba ya yin insulin, sinadarin da ke sauke suga a jini, ko kaɗan, sai allura. Yanzu ina da ciki sati tara, na fari. Laulayi ya sa ni gaba, ko ƙamshin tuwon shinkafa na ji sai amai. Shekaranjiya da tsakar dare na farka cikin gumi sharkaf, hannuna na rawa, na gwada sugan jinina na ga ya faɗi zuwa 2.9. Da ƙyar maigida ya ɗura min ruwan suga da cokali.

Da safe labari ya kai wa Hajiya, mahaifiyarsa. Ta zo da jarka cike da jiƙon sassaƙe da shuwaka, ta ce allurar nan ce za ta nakasa mata jika, in ajiye ta har in haihu. Wallahi mace ce mai kirki, tsoro ne ya kama ta. Ni kuma ga kunyar cikin fari, ban iya buɗe baki na yi mata musu ba. Shin allurar tana taɓa jariri? Ranar da na kasa cin komai in tsallake ta? Kuma zai gaji ciwon?

Ungozoma daga Birnin Kebbi:
Wa alaikumus salam ƙanwata. Kada ki tsallake allura ko ta rana ɗaya, ko da ba ki ci komai ba. Mai irin ciwonki in ta daina, jiki zai koma ƙona kitse, guba da ake kira keton ta taru a jini, kuma mai ciki tana faɗawa wannan hali da sauri, wani lokaci tun sugan bai hau can sama ba. Shi ke kashe ɗan cikin, har da uwar. Insulin ba ya ratsa mabiyiya ya isa ga jariri yadda suga ke yi. Sugan da ya yi yawa shi ne abin tsoro, musamman a waɗannan makonnin da zuciya da ƙashin bayansa ke haɗuwa.

Faɗuwar da kika gani sananniya ce a wata ukun farko. Adadin allurar ne ke son gyara, kuma likita ne zai gyara, ba ke ba, ba ni ba. Daga wajen wata na biyar za ki ga akasin haka, mabiyiya na fitar da sinadaran da ke dakushe insulin, wasu har sai an ninka musu. Abin da muke nema: da safe kafin karin kumallo ƙasa da 5.3, awa ɗaya bayan abinci ƙasa da 7.8. In na'urarki mai manyan lambobi ce, 95 da 140 ke nan. Ki fara awo makon nan a babban asibiti, nan Birnin Kebbi akwai asibitin koyarwa na tarayya da Sir Yahaya. Ki ce a duba miki idanu da ƙoda, a yi gwajin HbA1c mai nuna matsakaicin sugan jininki na watannin baya, a ba ki folik asid mai 5mg har sati 12. Abu ɗaya da ake mantawa: wannan folik asid mai ƙarfin yana rage aikin Fansidar da ake bai wa masu ciki don zazzaɓin cizon sauro, Fansidar ɗin kuma sai bayan wata uku ake fara shi, don haka ki gaya wa mai awo abin da kike sha. In kina shan maganin hawan jini irin lisinopril, ki faɗa tun a bakin ƙofa, ba na masu ciki ba ne.

Maman 'yan biyu, Yauri:
Allah Ya raba lafiya. Ki gwada zogale da hulba, ƙanwar babana da su ta rabu da suga.

Ungozoma daga Birnin Kebbi:
Maman 'yan biyu, nata wataƙila na manya ne, nau'i na biyu. Kwaɗon zogale abinci ne mai kyau, ta ci abinta, amma ba ya maye gurbin allura.

Mai irin lalurarki, Gusau:
'Yar uwa, na bi wannan hanya sau biyu, yarana na nan suna ta ɓarna a tsakar gida. Ga abin da ba a rubutawa a katin awo. Gefen filona akwai gwangwanin madara da na zuba suga mai ƙwaya a ciki, da ruwa, da na'ura, da tocila. In na ga ƙasa da 4 sai in tsotsi ƙwaya huɗu, in jira minti 15 in sake gwadawa, sannan in bi da biskit ko ɗan burodi. Ki koya wa maigida: in kin suma kada ya ɗura miki komai a baki, za ki shaƙe, asibiti kai tsaye.

Laulayi kuwa, kaɗan-kaɗan sau shida ya fi min cin kwano guda. Tuwon shinkafa da fura mai suga su suka fi harba min sugan jini sama, sai na koma wake, alkama da acca, malmala ƙarama, miya da yawa. Ku da kuke da kifi a Argungu ma me za a ce.

Rashin wuta shi ya fi ba ni wahala lokacin zafi, don zafi na lalata insulin. Na samu ƙaramar tukunyar ƙasa, na sa cikin babba, na cika tsakaninsu da jiƙaƙƙen yashi, kwalbar insulin ɗin a cikin leda, na rufe da jiƙaƙƙen tsumma a inuwa. Kada dai ki bar ta ta daskare da ƙanƙara, ta lalace ke nan. Tsinken gwaji ya ci kuɗi sosai, sai da na sayar da zobena, don a rana ina gwadawa sau shida ko bakwai.

Na farkon ya zo da kilo 4.2, aka yi min aiki. Ta biyun da na fi kiyayewa da kaina na haifa a sati 38, aka sa min ruwan naƙuda. Ba su bari mu kai sati 40. Duka biyun an gwada musu suga bayan haihuwa don nasu kan faɗi, aka ce in sa su a nono nan take. Ki shirya faɗa da kunun kanwa lokacin jego, ni mamata ta riƙa dama min nawa daban ba suga.

Maganar gado, likitana ya ce in uwa ce mai shi, kusan yaro ɗaya cikin 25 ne ke samu ko ma ƙasa da haka. Nawa dai har yau lafiya lau.

Hajiya Babba, Zuru:
Ɗiyata, ni suruka ce, na san abin da ke cikin ranta. Kada ki ja da ita, kuma kada ki sha jiƙon a ɓoye don ki faranta mata. Ɗanta ne zai yi magana, ba ke ba. Ya ce mata likita na son ganin babba daga gida, ta raka ki awo. Abin da ta ji da kunnenta daga bakin mai farar riga ba za ta musa ba. Kuma in azumi ya same ki da cikin nan ki ajiye, Allah Ya yi wa mara lafiya rangwame a Suratul Baƙara.

Mai tambaya:
Na gode ƙwarai, Allah Ya saka. Mun je Birnin Kebbi ranar Talata tare da Hajiya. An rage min allurar dare, an ba ni ranar duba ido, za a fara min asfirin ƙarami a sati 12 don rigakafin hawan jini, sikanin zuciyar yaro kuma a sati 20. Hajiya ce ta fi ni yawan tambaya, har ta sa likita ya nuna mata yadda ake soka tsinken. Jarkar na nan bayan ƙofa, ba ta sake zancenta ba. Yau da asuba ta aiko yaro ya tambayi nawa na'ura ta nuna. 5.6 ne. Maman Gusau, tukunyar nan sau nawa kike jiƙa yashin a rana?