Mama ta fara wasa da maganin tsinka jini, ya zan yi da ita?

Autar_Mama:
Salamu alaikum ƴan uwa, dan Allah shawara nake nema. Likita ya ce bugun zuciyar Mama baya tafiya daidai, wani lokaci sauri wani lokaci kamar ya tsallake, ya ɗora ta kan apixaban safe da dare. Da farko tana sha lafiya lau amma yanzu sai ta ce ai ta warke bata jin komai, ga wata ƙawarta ta tsorata ta wai maganin yana sa jini ya ƙi tsayawa. Na dare ne ya fi wucewa, in bacci ya ɗauke ta shikenan. In na matsa sai ta ce na maida ta yarinya, wlh abin ya dame ni.

NasMaiJinya:
Wa alaikumussalam, Allah ya ba Mama lafiya. Ƙanwata ki fara da fahimtar da ita, dan yawanci ba taurin kai bane, ba a musu bayani ne. Wannan maganin ba na bugun zuciyar bane, shi ya sa ko ta sha ko bata sha ba bata jin bambanci. A irin wannan ciwon ɗakin sama na zuciya baya matsewa sosai, sai jini yana kwanciya a wani lungu ya yi guda, gudan nan in ya ɓalle ya tafi ƙwaƙwalwa shi ne shanyewar ɓarin jiki, kuma mai wannan ciwon haɗarinsa ya ninka na sauran mutane wajen sau 5. Maganin tsinka jinin yana rage haɗarin da kusan kashi biyu cikin uku. Amma apixaban baya daɗewa a jiki, shi ya sa ake sha duk bayan awa 12, kwana ɗaya ko biyu babu shi kariyar ta tafi. In ta manta kuma aka tuna kafin awa 6 su wuce ta sha, in sun wuce a jira na gaba, kar a haɗa biyu.

Abu_Hanif:
Allah ya ƙara sauƙi. Nima Baba warfarin yake sha, wani maganin tsinka jinin ne, shi kam sai an riƙa auna jini a ga INR, wato awon yadda jinin ya tsinke, yana tsakanin 2 da 3. Abin da ya mana aiki shine mun daina tambayarsa "ka sha?", kawai mu kawo da ruwa mu zauna, kuma mun haɗa shan da abin da baya taɓa fashi kullum, ga alam a waya ga akwatin magani mai kwanakin sati, da an duba an san ko ya sha. Ki dawo da na daren da wuri kafin bacci ya zo, na safen ma ya dawo daidai da shi. Kuma ki samu wani babba da take jin nauyinsa ya mata magana, iyaye basa son umarni daga ƴaƴa.

Sadiya22:
Toh ba za a canza mata zuwa asfirin ba tunda tsoron jini take?

NasMaiJinya:
A'a fa, asfirin baya maye gurbinsa a wannan ciwon kuma shima yana sa zubar jini. Tsoron nata ba shirme bane, sai dai maganinsa a san alamun haɗari: bayan gida baƙi, jini a fitsari, haɓon da ya wuce minti 10 bai tsaya ba, ko ta faɗi ta bugu a kai, waɗannan asibiti kai tsaye. Kuma ta guji ibuprofen da diclofenac, mutane suna sha dan ciwon gwiwa basu san suna ƙara haɗarin ba. In sau biyun ne ya gagara ku koma wurin likita ku faɗa masa gaskiya, akwai na sau ɗaya a rana kamar rivaroxaban, ana shansa da abinci, amma sai ya duba ƙodarta kafin ya canza. Abu_Hanif akwatin nan yana da kyau, dabigatran, wani maganin tsinka jinin, shi ne ba a ciro shi daga kwalinsa sai za a sha, danshi yana ɓata shi.