Gidajen 'yan ritaya a Garwa ta Kamaru: tsadar kaya ce, ko kamfanin ne ke tsawwalawa?

Tsohon Malami, Garwa:

Assalamu alaikum. Ina neman shawarar waɗanda suka san harkar gini. Baɗi zan cika shekara 60 in ajiye alli, kuma har yau haya nake zaune a Yelwa. Wani kamfani ya yanka fili a bayan gari, hanyar Pitowa, yana gina gidaje da sunan na masu ritaya ne: ba bene, ba matakala, ga katanga da maigadi, ga masallaci a tsakiya, wai har ɗakin shan magani za a yi. Lokacin da suka fara talla, mai ɗaki uku da falo sefa miliyan 19 suka ce. Da na koma da niyyata, sai aka ce miliyan 27, alhali ko taga ɗaya gidan bai ƙara ba.

Na shiga wanda suka gama don nuni. Ɗakunan matsattsu ne, silin kuma ƙasa-ƙasa, in na miƙa hannu ina taɓa shi. Duk wanda ya san zafin Garwa a Maris da Afrilu ya san abin da hakan ke nufi ga tsoho mai hawan jini. Yaron da ke talla ya ce siminti da gazuwal, wato man dizal, ne suka tashi. Abin da zan zuba shi ne duk abin da na tara, haɗe da kuɗin gonar gado. Don Allah, wannan ƙarin na gaskiya ne, ko sun ga tsofaffi ne masu gaggawar samun wurin sa haƙarƙari?

Magini, Marwa:

Wa alaikumus salam, Baba. Tsadar akwai ta, ba zan ɓoye ba. Litar gazuwal sefa 575 take kafin Fabrairun 2023, ta koma 720, a Fabrairun 2024 ta kai 828. Rodi da tayil da kwano yawanci daga Duwala suke tasowa, jirgin ƙasa ya ajiye su Ngaundere ko tirela ta ɗauko su tun daga can, ta gangaro dutsen nan zuwa Garwa. Ko tifar yashi daga bakin Binuwai da gazuwal take tafiya. Ga harajin sayen kaya, TVA, kashi 19.25 cikin ɗari. Kamfani kuma shi zai share hanya, ya kafa turakun wuta, ya haƙa rijiyar burtsatse, in bashin banki ya ci, ga ruwan da ke hawa kansa.

Amma ƙarin miliyan 8 a gida ɗaya, wannan bai shiga kaina ba. Filin tun tuni suka saye shi, bai tashi a hannunsu ba. Siminti kuwa ga masana'antar Figil nan kusa da ku, ba daga teku ake jawo shi ba. Abin da na saba gani shi ne, da zarar mutum goma sun biya kafin alƙalami, sai a ce gidaje sun kusa ƙarewa, a ɗaga farashi don a ga wa zai jure. Ku ce su ba ku takardar ƙiyasin kaya: buhun siminti nawa, rodi mai lamba nawa a ginshiƙi, kaurin kwano, zurfin tushe. Mai gaskiya ba ya jin tsoron wannan takarda. Silin da hannu ke taɓawa kuwa, layin bulo biyu ko uku aka rage a duk kewayen gidan, ribar tana aljihunsu.

Hajiya, Ngaundere:

Malam, ni ba farashin ne ya fi damuna ba. Marigayi maigidana ya biya irin wannan, muka shiga gida, ashe takardar mallakar filin, titir fonsiye, guda ɗaya ce da sunan kamfanin, ba a yanka wa kowa tasa ba. Da ya rasu aka zo rabon gado, abin da muka nuna rasit ne kawai. Na sha zirga-zirga da takaba a jikina. Dokar filaye ta 1974 ta ce cinikin fili mai titir sai a gaban noter, wato jami'in doka mai tabbatar da takardun ciniki, in ba haka ba ba ciniki ba ne. Kada ka miƙa ko dala a ofishinsu.

Sannan ka je wurin cikin Agusta, ruwa na tsaka da sauka, ka ga inda yake kwanciya. Mutanen Garwa ba su manta ambaliyar 2012 ba. Kuma ka tambayi uwargida, ko ta yarda ta bar maƙwabtanta da jikokinta ta koma unguwar da kowa tsoho ne. In jiki ya motsa da tsakar dare, wa zai ɗauko mota?

Ɗan Injamena:

Baba, wannan tsarin daga Amurka aka kwafo. Yayana yana can. Tun 1960 aka buɗe Sun City a jihar Arizona, akwai kuma The Villages a Florida, gari guda na 'yan shekara 55 zuwa sama. Can ma ana ƙorafin sababbin gidajen sun yi tsada, amma mai saye yana tarar da wurin motsa jiki da shaguna da likita a kusa, kuma bayan kuɗin gida akwai na wata-wata da ba ya yankewa. A nan suna karɓar kuɗin ɗakin magani tun ba a aza tubalinsa ba. Ku tambaya: nawa ne kuɗin maigadi da ruwa duk wata, wa ke da ikon ƙara shi, kuma 'ya'yanku za su iya zama a gidan bayan ranku, Allah ya ja kwana.

Wani abu kuma, ai ana cire muku kashi 1 cikin ɗari na albashi don Crédit Foncier, bankin gwamnati mai ba da rancen gida, duk shekarun nan. Ku je ku ji sharuɗɗan rancensu tun kuna kan aiki, ku kuma leƙa MAETUR, hukumar gwamnati mai yanka filaye tana sayarwa, ko suna da fili.

Tsohon Malami, Garwa:

Allah ya saka muku da alheri. Hajiya, Allah ya jiƙan maigida, ya kai haske kabarinsa. Na koma da tambayoyinku a rubuce. Titir ɗin har yanzu guda ɗaya ne, sun ce za a yanka in an gama sayarwa. Takardar ƙiyasi sun ce sirrin kamfani ce. Kuɗin wata jaka 15 aka faɗa mini da baki, ba ya cikin yarjejeniya, ɗakin maganin ma haka. Da na miƙe zan tafi sai yaron ya biyo ni har bakin babur, ya ce zai yi magana a rage mini miliyan 2. Wannan ne ya fi ɓata mini rai, domin akwai abokin aikina da ya riga ya biya 27 cif bai ce uffan ba.

Na dakatar da sayar da gonar. Ɗana magini, in na samu fili mai titir kusa da Jambutu, gida mai ɗaki uku da dogon sili da baranda ta gabas, buhun siminti nawa zan tanada kafin a kai linta?