Kwana huɗu a baƙon birni: ta yaya ake gane wurin cin abinci da wurin fitar dare na ƙwarai?

Baƙon_Gari ya rubuta:

Assalamu alaikum jama'a. Ina neman shawarar waɗanda suka san harkar. Idan aiki ya kai mutum birnin da bai san kowa ba, kwana huɗu ko biyar ne a hannunsa, kuma ba ya son ya ƙare a abincin otal safe da yamma, ta ina zai fara? Na fi son in san yadda ake gane wurin gashin nama na gaske da wurin boga (burodi mai gasasshen niƙaƙƙen nama a tsakiya) mai kyau, sai kuma wuraren da ake zama da dare, ko na kiɗa ko na hira. Taurarin da ake bai wa gidajen abinci a intanet sun rikita ni, kowane gida 4 da ɗoriya ne. Me ido zai duba kafin a zauna a biya kuɗi?

Hajiya_Kuku ta amsa:

Wa alaikumus salam. Ƙanena, kada ka yar da taurarin gaba ɗaya, amma ba jimillar ake dubawa ba. Gidan da ke da 4.7 zai yiwu tun zamanin tsohon kuku ya tara su, kukun kuwa ya bar wurin tun bara. A Google Maps jera sharhin daga na baya-bayan nan, ka karanta na wata uku da suka wuce, musamman masu tauraro 3. Mai ba da 5 yana cikin murna, mai ba da 1 yana cikin fushi, mai 3 shi ne yake faɗin abin da aka ajiye masa a faranti. Hotunan da masu ci suka ɗauka da wayarsu su ne shaida, ba na mai gida ba.

In za ka tambayi mutum, kada ka ce masa ina ne ya fi ko'ina kyau, zai tura ka inda ake tura baƙi. Ce masa, kai a ina ka ci jiya? Direbobi da ma'aikatan dare sun fi kowa iya amsa wannan.

Da ka shiga, ƙirga abin da ke takardar jerin abinci. Kicin ɗaya ba ya iya riƙe kala 60 sabo kullum, yawancinsu daga firiza za su fito. Gida mai kala 8 zuwa 15 da mutane ke shiga suna fita ya fi kwantar da hankali, domin ciniki shi ne ke hana abinci kwana. Dafaffen abinci ana son ya zauna sama da digiri 60 a ma'aunin Salsiyos, mai sanyi kuma ƙasa da 5. Tsakanin nan ne ƙwayoyin cuta ke hayayyafa, don haka abin da ya wuce awa 2 a ajiye da ɗumi-ɗumi a bar shi, in ana zafin da ya haura digiri 32 ma awa 1 ce. Shinkafa ta fi yaudara, tana iya ɓaci ba wari, kuma ɗumamawa ba ta kashe dafin da ya riga ya taru a cikinta. Wasu biranen sun sauƙaƙa wa baƙo: a New York tun 2010 ana manna sakamakon binciken tsafta a ƙofa, A ko B ko C, a Ingila kuma maki ne daga 0 zuwa 5. Inda babu irin wannan, leƙa banɗaki kafin ka yi oda. In babu sabulu a can, da wuya a same shi a kicin.

Mai_Garwashi ya amsa:

Hajiya ta gama magana kan zaɓen gida, bari in ɗora kan gashi. Malam, aiki biyu ne ake kira da suna ɗaya, in ka haɗa su za ka yi wa mai gashi hukuncin da ba nasa ba. Akwai gashin gaggawa a kan garwashi, na yanka marar kauri, minti kaɗan an sauke. Akwai kuma gashin hayaƙi, wanda Amurkawa suka yi suna a kansa, inda naman ba ya ganin harshen wuta ko kaɗan, zafi da hayaƙi ne ke ratsa shi daga gefe.

Na hayaƙin shi ne mai wuya. Ɗauki ƙirjin saniya, nama ne mai tauri cike da jijiya. Ana riƙe murhun tsakanin digiri 110 da 135, awa 10 zuwa 14, wani lokaci fiye. In zafin cikin naman ya kai wajen 65 zuwa 75 sai ya tsaya cik na tsawon awoyi, saboda ruwan da ke fita yana sanyaya shi kamar yadda gumi ke sanyaya jiki. A nan marar haƙuri ke ƙara wuta ya busar da bayan naman, gwani kuwa ko ya jira ko ya naɗe shi a takarda. Ba a saukewa sai cikinsa ya kai 90 zuwa 96, lokacin jijiyar ta narke ta koma laushi, sannan a bar shi ya huta awa guda ko fiye kafin wuƙa ta taɓa shi.

Abin da wannan ke nufi gare ka mai saye: naman da aka ɗora tun daren jiya, in ya ƙare ya ƙare, ba a iya ƙaro wani cikin rabin awa. Shi ya sa wuraren kirki sukan sayar su rufe da rana tsaka. Je da wuri. Wurin da a kowane dare ƙarfe 11 za ka tarar da komai a cike, tambayi yaushe aka sauke shi.

Nemi a yanka a gabanka, domin yankakken ƙirji minti kaɗan yake yi ya bushe. Yankan ya yi kaurin fensir, kuma a gicciye zaren naman ba a bi shi ba. Rataya yanka ɗaya a yatsa: in ya lanƙwashe bai karye ba, da ka ɗan ja kuma ya rabu, an iya. In ya marmashe ya wuce, in yana ja kamar roba bai kai ba. Haƙarƙarin da nama ke zubewa daga ƙashi tun ba ka ciza ba, sau da yawa tafasa shi aka yi kafin a nuna masa hayaƙi. Na ƙwarai za ka ciza ka ga shatin haƙoranka. Kuma ka ce a sa maka miyar shafawar a gefe, ka fara ɗanɗana naman tsurarsa. Miya mai zaƙi tana rufe laifi da yawa.

Jan zoben nan da ake gani a ƙarƙashin ɓawon naman, wanda mutane ke ɗauka hoto, ba ma'aunin daɗi ba ne. Iskar da wuta ke fitarwa ce ke haɗuwa da sinadarin da ke ba nama launi, kuma ana iya samar da shi da gishirin adana nama ko ba a kunna itace ba. Hayaƙin bututu ya fi shi faɗin gaskiya: siriri mai shuɗi-shuɗi wanda da ƙyar ake gani, wuta na samun iska. Fari mai kauri yana tuƙuƙi, ɗanyen itace ne ko an toshe iska, naman zai yi ɗaci ya bar maka ƙaiƙayi a harshe.

A gashin garwashi kuwa duba abu uku. Gawayin ya ci har farar toka ta rufe shi kafin a ɗora nama. A tara garwashin gefe ɗaya, a bar ɗaya gefen don janye nama in maiƙo ya ɗiga wuta ta tashi, in ba haka ba baƙin hayaƙi zai shafe shi. Sannan abin da ya taɓa ɗanye kada ya taɓa gasasshe, ko katako ko wuƙa. In ka ji warin kananzir, wuce kawai. Kaza sai cikinta ya kai 74, a duba kusa da ƙashin cinya.

Wanda ba ya cin naman alade ya buɗe baki ya yi tambaya. A Amurka, a Texas naman sa ne kan gaba, amma a Memphis da jihohin Carolina alade ne ginshiƙin gashin. Ko sosej, wato niƙaƙƙen naman da ake ɗurawa a hanji, da aka ce na naman sa ne, sau da yawa hanjin alade ne rigarsa, wake kuma akan dafa shi da gutsattsarinsa, wasu miyoyin shafawa har da giya a ciki.

Sarkin_Faranti ya amsa:

Boga ba ta da wurin ɓuya in ka yi odar mafi sauƙinta: nama, cuku, albasa, burodi. Mai hawa uku da kaya bakwai a kai ba za ta nuna maka hannun kuku ba.

Niƙaƙƙen naman yana son kitse wajen kashi 20 cikin 100. In ya yi ƙasa da haka sosai, bushewa zai yi ko wane ne ya gasa. Gishiri a baya ake barbaɗa shi daf da ɗorawa. Idan aka cuɗa shi cikin naman tun da wuri, naman zai kama jikinsa ya yi danƙo, ka ciza ka ji yana tsalle a haƙori. Na ƙwarai in ka raba shi biyu za ka ga zaren niƙan a sake, ba a dunƙule kamar sabulu ba.

Iri biyu za ka fi gani. Akwai mai kauri, giram 150 zuwa 200. Akwai kuma wadda ake dannewa: dunƙulen giram 60 zuwa 90, a ɗora a kan farantin ƙarfe mai tsananin zafi, a danne shi sau ɗaya cikin daƙiƙa 30 na farko tun kitsen bai narke ba, a bar shi ya yi ɓawo mai ruwan ƙasa, a kankare a juya. Kukun da ka ga yana ta danna nama bayan ya fara nuna, ana jin cuuu, romon da ka biya ne yake matsewa a kan ƙarfe. In naman ya fito fari-fari ba ɓawo, farantin bai yi zafi ba ko an cika shi da yawa, turara naman aka yi. A gasa cikin burodin kaɗan, in ba haka ba kafin ka ci rabi ya jiƙe ya yage. Soyayyen dankalin da ke gefe ma ɗan rahoto ne: in ya yi duhu amma ya yi laƙwas yana ɗaci, man ya tsufa.

Baƙon_Gari ya sake rubutawa:

Na gode ƙwarai, Allah ya ƙara sani. Malam Sarkin_Faranti, wasu wuraren suna tambaya ko a bar cikin bogar da ja-ja. Tunda ana cin yankan nama a haka, ita ma ba matsala ke nan?

Hajiya_Kuku ta amsa:

A'a ƙanena, ba ɗaya ba ne, kuma wannan ba maganar ɗanɗano ba ce. A yankan nama ƙwayoyin cutar a baya suke, wuta tana taɓa su kai tsaye, shi ya sa digiri 63 a ciki da hutun minti 3 ya wadatar. Da an niƙa, abin da ke baya ya shige tsakiya, kuma dunƙule ɗaya zai iya haɗa naman shanu da yawa. Don haka niƙaƙƙe sai 71. A 1993 a Amurka bogar da ba ta nuna ba ta kwantar da mutum sama da 700 da ƙwayar E. coli, yara 4 suka rasu, daga nan ne aka tsaurara doka kan niƙaƙƙen nama a can. Launi ma ba abin dogaro ba ne, nama yana iya rasa jansa tun bai kai 71 ba. Yaro, mai ciki, tsoho da marar lafiya, a gasa musu ta nuna sarai. In kitsen ya kai kashi 20 ɗin nan, ba za ta bushe ba.

Direban_Dare ya amsa:

Saura dare. Yallaɓai, hanyar komawa ake fara shiryawa kafin hanyar zuwa. San ƙarfe nawa jirgin ƙasa ko bas na ƙarshe ke tashi, ajiye adireshin masaukinka a takarda ko da waya ta mutu, kuma in ka kira mota ta manhaja duba lambarta da fuskar direban kafin ka buɗe ƙofa. Zaɓi titi guda mai wurare da yawa kusa da juna da haske da mutane, ka zaga da ƙafa tun da sauran rana, ya fi tsallake-tsallake daga wannan unguwa zuwa waccan. Ka kuma sani kicin yakan rufe awa ɗaya ko biyu kafin wurin ya tashi, ci abincinka tukuna.

A ƙofa tambayi kuɗin shiga, ko akwai mafi ƙarancin abin da dole mai tebur ya kashe, da ko an riga an sa kuɗin hidima a bil. Wurin da babu farashi a rubuce, ko wanda wani ya tare ka a titi yana jan ka zuwa ciki, kada ka zauna. Abin shanka, ko lemo ne, a buɗe a gabanka, in ka bar shi ka tashi kada ka dawo masa.

Da ka shiga nemi ƙofar fita ta biyu da idonka, ka tabbata ba a ɗaure ta da sarƙa ko an tare ta da kujeru ba. Gobarar kulob ɗin Station a Rhode Island ta Amurka a 2003 ta ci mutum 100, ta Kiss a Santa Maria ta Brazil a 2013 ta ci 242. Duka biyun wasan tartsatsin wuta ne ya kama soson da aka manna don rage ƙara, jama'a suka yi cincirindo a ƙofar da suka shigo ta ciki. In ka ga ana kunna irin wannan a ƙarƙashin rufi mai ƙasa-ƙasa, fita. Haka ɗakin shisha marar iska: gawayin yana fitar da iskar guba marar wari, ciwon kai da jiri su ne alamar farko, a fita waje nan take.

Mai_Garwashi ya ƙara da cewa:

A ƙara da kunne, Malam Direba. Da desibel ake auna ƙara, kuma ƙarar desibel 85 kunne na jure ta awa 8, amma duk ƙarin 3 yana raba lokacin biyu, a 100 minti 15 ne kacal, kuma wuraren kiɗa da yawa suna kaiwa nan. In sai ka ɗaga murya wanda ke nesa da kai da tsawon hannu zai ji ka, an wuce 85. Kada a tsaya gaban lasifika, a riƙa fita ana hutawa, abin toshe kunne na soso kuma kusan kowane kantin magani yana da shi. A murza shi ya sirance, a ja kunnen sama kaɗan a tura, a riƙe da yatsa har ya kumbura ya cika ramin.