Antoni Janar: Naɗi Ko Ƙuri'a?

Sha'irin Fagge:
Sashe na 150 a tsarin mulkinmu,
Ya ce Antoni Janar minista ne, babban jami'in shari'a.
Shugaba ya naɗa, sanatoci su tantance,
Shekara 10 yana lauya, ita ce ƙa'ida.
Wanda ya sa maka riga shi ke tuɓe ta,
Ku bar talaka ya ɗora shi da ƙuri'a.

'Yar Zazzau:
Malam na Fagge, ka yi kira ba lissafi,
Jiha 36 da Abuja fa zai kewaya.
Kuɗin fosta, kuɗin wakilai a rumfar zaɓe,
Wanda ya zuba su, fayil ɗinsa zai ɓuya.
Sashe na 174 ya ba shi wuƙa da nama:
Ya shigar da ƙara, ya karɓe ta, ya janye gaba ɗaya.
Wannan ikon za ka kai kasuwar siyasa?

Ɗan Gumel: Allah ya ƙara basira, Hajiya! Zazzau gidan ilimi. Kano kuwa a bar musu Kantin Kwari.

Sha'irin Fagge:
Hajiya, kin san sashe, ba ki leƙa waje ba,
Jiha 43 ke zaɓen nasu a Amurka.
Na tarayyar da ake naɗawa, tuna 1973,
Shugaba Nixon ya ce wa Antoni Janar Richardson ya kori Cox mai binciken Shugaban, bisa tilas ba shakka.
Ya ƙi, ya ajiye aiki. Na uku a layin ma'aikatar ya kori Cox.
Ɗan Gumel, riƙe tafinka, kawo baitinka.

Malam Mai Arulli: Ɗango na huɗu ya karya kari, ya ninka 'yan'uwansa tsawo. "Ba shakka" ɗin ma ciko ne don amsa-amo.

Sha'irin Fagge:
Malam, gida na ci da wuta, kana awon ƙafa!

Malam Mai Arulli: Waƙa muka zo yi. Baitin Hajiya ma ɗango bakwai ne, na ƙarshe ya bar "ya".

Ɗan Gumel: Na Hajiya ado ne, Malam.

'Yar Zazzau:
Na makara, Malamai, ga amsar Fagge:
A 2010 aka raba aikin biyu a Kenya.
Daraktan gurfanarwa daban, shekara 8 ba tazarce,
Sai kwamitin shari'a ya bincika kafin a tsige shi, ba a ture shi dare ɗaya.
Malam Mai Arulli, wannan ma ya yi tsawo, na sani,
Gajarta shi ka gani ko sharaɗin tsigewar zai tsaya.