Mai juna biyu da kifin teku: ta ci ko ta bari?

Amarya: Salamu alaikum. Ana ta yaɗa wata magana, wai mai juna biyu ta daina cin kifin teku kwata-kwata, yana ɗauke da zaiba mai taɓa ƙwaƙwalwar jariri. Cikina wata biyar, kuma titus ne a miyarmu kusan kullum. Wallahi hankalina ya tashi.

Yaya Babba: Ƙanwata, ki haƙura da shi. A Minamata ta ƙasar Japan, kamfanin Chisso ya yi shekaru yana malalo da zaiba cikin teku, aka gano cutar da ta haddasa wa mutanen garin a 1956. Uwa garau a ido, amma ta haifi ɗan da ba tafiya, ba magana.

Ungozoma: Yaya, abin ya faru, ba musu. To amma can masana'anta ce ta gurɓata ruwan garin. A sauran tekuna, zaiba tana taruwa ne a jikin manyan kifaye masu daɗewa suna haɗiye ƙanana, irin su kifin shak. Titus, shawa da sadin ƙanana ne, tasu kaɗan ce. Hukumar abinci da magunguna ta Amurka ma cewa ta yi mai ciki ta ci irin waɗannan sau biyu zuwa uku a mako, domin mansu yana gina ƙwaƙwalwa da idon ɗan.

Yaya Babba: To binciken da aka yi a tsibiran Faro na arewacin Turai fa, inda aka ga illa a jikin yara?

Ungozoma: Naman wel, wata ƙatuwar dabbar teku mai tara zaiba da yawa, iyayensu ke ci. A tsibiran Seshel na gabashin Afirka kuwa, inda mata ke cin kifi kusan kullum, an bi yaran shekara da shekaru ba a ga irin wannan illar ba. Ni abin da ke damuna, macen da ƙarfinta bai kai na nama ba, a raba ta da yankan kifi, ta zo awo fatar idonta fari fat.

Inna: Ba sai a soya shi ƙayau ba, gubar ta mutu?

Ungozoma: A'a Inna, tana cikin tsokar, wuta ba ta fitar da ita. Dafawar dai dole ce saboda ƙwayoyin cuta.

Yaya Babba: Na sassauta a kan titus. Amma giwan ruwa, mai cinye 'yan'uwansa, daga kogin da ake wankin zinare da zaiba, ban yarda ƙanwata ta taɓa ba.

Ungozoma: Nan kam muna tare. Amarya, ki rage zuwa sau biyu ko uku a mako, sauran ranakun ki haɗa da ƙwai da wake.